Babi na Bakwai: Ƙaramin Jirgin Ƙasa a Garin Ƙura

Jirgin ƙasa bai taɓa shiga Dakoro ba. Garin, wanda Turawan Faransa suka mayar mazaunin mulki a 1947, yana arewa da Maraɗi da kimanin kilomita 120, dab da inda noma ke ja da baya kiwo ya karɓi ƙasa. Duk abin da ke shigowa kasuwarsa, daga buhun siminti zuwa katan ɗin shayi, a bayan mota yake zuwa ta hanyar Tibiri da Kornaka. Abin da ke fita kuwa, shanu ne da raƙuma da wake, ko dai a mota ko da ƙafarsu. Dogon da ya daɗe yana yi wa yankin aiki yana hayin iyaka: ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, kuma shekara da shekaru gyaɗar ƙasar Maraɗi ta Kano take hawa jirgi zuwa bakin teku.

Amma yaran garin ba su jira dogo ba kafin su fara ƙera abin hawa. Da zarar kaka ta yi an yanke hatsi, sai motar kara ta cika lunguna: totuwa ce gangar jiki, ɓawon kara ne ƙusa, ƙayar aduwa ke riƙe ƙofa. Waɗanda suka ƙara wayo sukan koma ga waya da gwangwanin tumatir, su yanko taya daga tsohon silifa, su sa dogon sitiyari da ake tuƙawa a tsaye. Gwanayen cikinsu har tsohuwar rediyo mai kaset suke farkewa su ciro dinamo, su haɗa shi da pil biyu, mota ta tafi da kanta.

A cikin kayan wasan Salla da ƴan tireda ke sarowa daga manyan kasuwanni irin na Maraɗi da Kano, akwai jirgin ƙasa na roba ƙirar Sin: kai ɗaya, taragu biyu ko uku, da guntayen dogo da ake harhaɗawa su yi zobe. Ranar Salla yana gudu yana kuka yana walƙiya. Kafin mako ya zagayo ya tsaya cik, an ce ya mutu, an wurga shi bayan ɗaki. Galibi kuwa babu abin da ya same shi illa tsatsa a mazaunin pil, ko zare da ya naɗe sandar taya, ko yashi tsakanin haƙoran giya. Waɗannan ƴan abubuwa su ne ke tsayar da jiragen da attajiran Turai ke kashe wa dukiya, kuma maganinsu yana hannun mai gyaran rediyo da tela da mai shagon aski na kowane gari.

Daga teburin maƙeri zuwa ɗakin kallo

Sana'ar ƙananan jiragen wasa ta samu gindin zama ne a kamfanin wani mai ƙirar gwangwani, Theodor Märklin, wanda ya buɗe masana'anta a garin Göppingen na Jamus a 1859, yana yi wa yara ƴan tukwane da murhun wasa. A 1891, a bikin baje-kolin Leipzig, kamfanin ya nuna jirgi mai tafiya da wani irin na agogo a kan dogon da ake harhaɗawa, kuma ya tsayar da faɗin dogon a kan ma'auni, yadda wanda ya sayi kai bana zai iya sayen tarago baɗi su dace. A Amurka, Joshua Lionel Cowen ya kafa kamfanin Lionel a 1900, ya sa wa jirgi lantarki. A Ingila, Frank Hornby na Liverpool ya fito da nasa a 1920.

Yau girman da ya fi yaɗuwa shi ne wanda ake yi wa laƙabi da HO, inda ake rage komai sau 87, tazarar dogo biyu kuma ta zama milimita 16.5. Akwai N, sau 160, mai tazarar milimita 9, da Z da Märklin ya fitar a 1972, sau 220, mai milimita 6.5. Shimfiɗa mafi girma a duniya tana Hamburg, a gidan kallon Miniatur Wunderland da tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001: dogo ya haura kilomita 16, jirage sun fi 1,000, kuma akwai ma'aikatan da aikinsu ke nan, shara da gyara.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar fahimta. A jirgin roba na kasuwa, pil yana cikin kan jirgin, dogon hanya ce kawai. A na ƙarfe kuwa, dogon ne waya. Wuta mai ƙarfin da bai wuce bolt 12 ba, daga taransifoma ko batir, tana shiga ta dogon dama, ta hau tayar ƙarfe, ta bi wani siririn falle na tagulla da ke gugar bayan tayar, ta shiga dinamo, ta fito ta ɗaya tayar zuwa dogon hagu. A ƙara wuta jirgi ya ƙara gudu, a juya wayoyin biyu ya koma da baya. Duk ƙarfin jirgin ya rataya ne a kan ɗan ɗigon wurin da taya ke taɓa dogo, wanda ido da ƙyar yake ganinsa. Ƙwayar yashi guda ta isa ta raba su.

Ƙura

A Dakoro ƙura ba ta da hutu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kawo hazo mai laushi da ke shiga ɗaki ko an rufe ƙofa da taga. Gab da damina kuma, hadari kan turo jar ƙura a gabansa ta rufe gari kafin ɗigon farko ya sauka. Na hunturu ya fi cutar da jirgi, domin ba a ganin saukarsa.

Abin da ke faruwa a kan dogo shi ne: taya na hawa ƙwayar ƙura sai ta ɗan ɗaga, wuta ta yi tsalle a tsakani, ƙaramin tartsatsi ya tashi. Tartsatsin ya ƙona ƙurar tare da duk maiƙon da ke wurin, su zama baƙin datti mai manne wa ƙarfe. Tayoyin taragu, musamman na roba, su kwashi dattin su yaɗa shi a dogon gaba ɗaya. Alamarsa ba ta ɓuya: fitilar kan jirgi na ƙyaftawa, jirgi na tafiya yana fizga, ko ya tsaya sai an ɗan tura shi da yatsa. Mai shakka ya goga farin ƙyalle a kan dogon. Baƙaƙen layuka biyu za su ba shi amsa.

Maganin farin ƙyallen auduga ne marar gashi da alkol na kantin magani. A jiƙa kaɗan, a naɗe a yatsa, a bi saman dogon har ƙyalle ya daina baƙi. Fetur ba ya cikin lissafi, domin yana cin roba kuma ga haɗarin gobara kusa da tartsatsi. Samfefa ma haka: tana sa dogo ƙyalli a ranar, amma takan bar ƴan ƙarce-ƙarcen da datti zai maƙale a ciki, a dawo gidan jiya da sauri fiye da da. Dogon zamani haɗin jan ƙarfe ne da nikel da zinki, ba ya saurin tsatsa. Tsohon dogon baƙin ƙarfe ne kawai ke bukatar a kankare shi idan damina ta taɓa shi.

Wanke tayar kan jirgi na da dabara mai daɗin kallo. A shimfiɗa guntun ƙyalle mai alkol a kan dogo, a ɗora rabin tayoyin a kansa, sauran rabin a kan dogo tsirara domin su ɗauki wuta. A riƙe kan jirgin da hannu sako-sako, a buɗe wuta kaɗan. Tayoyin su yi ta juyawa a wuri ɗaya suna goge kansu, baƙin datti na fita a ƙyallen. Sai a juya kan jirgin a yi wa sauran. Abin da ya ƙi fita, tsinken sakace ya ɓamɓare shi.

Bayan shara sai rufi. Zane mai kauri ko leda a kan ƴan sanduna, yadda ba zai taɓa gidaje da fitilu ba, ya kan rage aikin mako ya koma na wata. Kan jirgi kuma, in an gama wasa, kwalinsa ne makwancinsa.

Bin sawun wuta

Yaro kan zo teburin mai gyaran rediyo da jirginsa a hannu, ya ce, "Baba, ya mutu." Ƙwararre ba ya fara da kwance ƙusa. Yakan tambaya tukuna: "Fitila na kamawa? Kana jin ƙara? Ina yake tsayawa?" Amsar waɗannan tambayoyi uku ta raba aikin gida biyu kafin a ɗauki sukudireba.

Wuta ana bin ta ne kamar yadda mai lambu ke bin ruwa daga bakin rijiya zuwa fangalin ƙarshe, har ya ga inda ya yanke. Kayan aikin ƙwan siginar babur ne mai bolt 12 da aka liƙa wa waya biyu. A taɓa su a bakin taransifoma ko batir: in ƙwan ya kama, tushe lafiya. A taɓa inda waya ta haɗu da dogo. A ci gaba guntu bayan guntu. Inda ƙwan ya dushe ko ya mutu, laifin yana tsakanin nan da wurin da aka taɓa na baya, kuma kusan kullum ɗan maƙalin da ke haɗa guntu da guntu ne ya saki. A matse shi da filaya, ko a liƙe da dalma. A shimfiɗa mai tsawo, jirgi kan rage gudu in ya yi nisa da tushen wuta, saboda kowane maƙali na cin ɗan rabonsa; sai a ja waya mai kauri ta ƙarƙashin allo, a shayar da dogon a kowace mita ɗaya ko biyu.

Idan wuta ta kai ko'ina amma kai bai motsa ba, laifin nasa ne. Fitila ta kama, babu ƙara: waya ta tsinke a bakin dinamo, ko ƴan gawayi biyun da ke gugar sandarsa sun cinye. Akwai gurnani amma taya ba ta juyawa: wani abu ya cije a giya, kuma nan take ake kashe wuta, domin dinamon da aka hana juyawa zafi yake yi har ya ƙone. Yana tafiya yana ƙas-ƙas a kowane zagayen taya: giyar roba ta tsage a kan sandarta. Wannan ciwo ne sananne har a jirage masu tsada, kuma tsohuwar rediyo mai kaset ko na'urar faifan DVD cike take da ƙananan giyoyin da wani lokaci akan dace da madadi a cikinsu.

In kuwa taransifoma na zafi, ko na ɗauke wuta da kansa, to wuta ce ta haɗe. Ƙusa, allura, ko tsabar kuɗi ta kwanta a kan dogo biyu, ko tarago mai tayar ƙarfe ya goce ya gitta. A sauke komai daga dogo, a riƙa mayarwa ɗaya bayan ɗaya har mai laifi ya bayyana. Wanda ya shimfiɗa dogon da ke lanƙwasowa ya dawo kan kansa ta fuskar da ya fito shi ma zai gamu da wannan, domin dogon dama ya je ya sadu da na hagu; sai an yanke dogon a wuri biyu an sa makunnin juya wuta.

Gocewa daga dogo tana da ƙa'ida guda. Idan kowane tarago na faɗuwa a wuri ɗaya, dogo ne: ko bakin guntu biyu bai daidaita ba, ko kwana ta yi tsanani, ko ƙusa ta ɗago kai. Idan tarago ɗaya ne ke faɗuwa ko'ina, shi ne: ko tayoyinsa sun matso ko sun buɗe, ko maƙatarsa na jan ƙasa, ko ya cika rashin nauyi. Ɗan guntun ƙarfe da aka manna a ƙasan cikinsa kan zaunar da shi.

A jirgin roba mai pil kuwa, wurin farko da ake dubawa shi ne mazaunin pil ɗin. Pil da aka bari a ciki cikin zafi yakan yi yoyo, ya bar fari ko koren gari a kan fallen ƙarfen. A kankare garin, a goge da auduga, a bar shi ya bushe, a ɗan miƙar da sifirin in ya kwanta. Wanda zai ajiye jirgi fiye da ƴan kwanaki, ya cire pil.

Mai: kaɗan ya isa

Jiragen da yawan mai ya kashe sun fi waɗanda rashinsa ya kashe, balle a ƙasar yashi. Mai na kama ƙura, ƙura da mai su zama kwaɓin da ke cinye haƙoran giya. Man gyaɗa da man shanu kan daskare su yi danƙo, baƙin man mota kuma ya yi wa dinamo nauyi. Abin da ya dace shi ne siririn mai irin na keken ɗinki ko na injin aski, kuma a fara gwada shi a wani ɓoyayyen gefen roba, domin akwai man da ke sa roba tsagewa.

Awon shi ne abin da bakin allura ya ɗauko. Ɗigo ɗaya a kowane gefen sandar dinamo, ɗaya a inda sandar taya ke juyawa, ɗan shafi a giya. In ana ganin man da ido bayan an gama, ya yi yawa, a tsane shi da takarda. Wuri biyu mai ba ya zuwa: inda gawayi ke gugar dinamo, da fuskar tayar da ke taka dogo. Kafin a sa sabo kuma a cire tsohon, tare da gashi da zaren tabarma da suka naɗe sanda, waɗanda hantsaki ko bakin allura ke zarowa.

Zafi, katako da gara

A watan Afrilu da Mayu zafin yankin na haura digiri 40 a inuwa, ɗaki mai rufin kwano kuwa ya fi haka. Da asubar hunturu sanyi kan sauko ƙasa da digiri 15. Ƙarfe na miƙewa da zafi, yana takurewa da sanyi. Dogon ƙaramin jirgi mai tsawon mita ɗaya kan ƙaru da kusan rabin milimita idan zafi ya hau da digiri 30. Kamar ba komai ba, amma a layi mai mita huɗu da aka liƙe da dalma daga farko har ƙarshe, milimita biyu ke nan da ba su da wurin zuwa, sai dogon ya karkace gefe. Shi ya sa ake barin ƴar tazara, kaurin katin waya, a bakin wasu guntaye. Wanda ya shimfiɗa dogonsa da hunturu ya bar tazarar sosai. Wanda ya shimfiɗa da bazara ya matse, domin ƙarfen ya riga ya miƙe.

Lissafin bai canza ba a babban dogo. Kilomita ɗaya na baƙin ƙarfe na neman ƙarin kusan santimita 36 a wannan bambancin zafi, kuma duwatsun da ake zubawa da gungumen da ke ƙarƙashi ne ke danne shi. Nijar ta ga abin da ke biyo baya idan an shimfiɗa an tafi. Kamfanin Bolloré na Faransa ya ja dogo mai kilomita 143 daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016. Shari'a ta shiga tsakaninsa da kamfanin Petrolin na attajirin Benin Samuel Dossou a kan wa ke da haƙƙin aikin, haɗewa da dogon Parakou na Benin ta tsaya, jirgin haya bai yi jigila a layin ba, kuma rahotanni sun nuna zafi ya lanƙwasa wasu sassansa.

Katakon da ke ƙarƙashin ƙaramin dogo shi ma motsi yake, har ya fi ƙarfen. Da rani ya bushe ya takure, da damina ya sha laima ya kumbura. Falankin da aka shafe da fenti ciki da waje da gefuna ya fi zama lafiya. Ƙafafun tebur kuma kada su taɓa ƙasa kai tsaye: gara ba ta bambanta allon jirgi da azarar ɗaki, kuma gidajen kara da kwali da ke kan shimfiɗar abincinta ne. Ƙafar ƙarfe, ko ta katako a kan bulo nesa da bango, ta wadatar. Rana kuma kada ta faɗa kan kayan roba ta taga, domin yini guda ya isa ya karkatar da rufin tarago.

Wutar sola da haɗarinta

Gidaje da shaguna da dama a yankin na dogara da faifan sola da batir mai bolt 12, wanda shi ne daidai abincin jirgin HO. Wannan sa'a ce, amma da sharaɗi. Taransifoman da ake sayarwa tare da jirgi ba ya ba da wuta fiye da amfiya ɗaya ko biyu, kuma yana ɗaukewa da kansa in wuta ta haɗe. Batir ba shi da wannan hankali. Ƙusa ɗaya a kan dogo, sai ya turo wutar da za ta mayar da siririyar waya jawur ta narka robar da ke riƙe da dogon. Don haka dole a sa fis mai amfiya 2 dab da kan batir. Masu wannan sha'awa a Turai da Amurka na da wata tsohuwar dabara kuma: su ratsa ƙwan mota mai wat 21 a kan waya ɗaya. Jirgi na tafiya lafiya ƙwan na kwance; wuta na haɗewa ya haska, ya shanye ƙarfin, ya kuma sanar. Rage gudu da ƙara shi, ƴar na'urar da ake sa wa fankar sola ko fitila mai bolt 12 na iya yi. Wutar NIGELEC mai bolt 220 kuwa ba ta kusantar dogo sai ta taransifoma.

Mai sayen kayan gwanjo ya juya kan jirgi ya dubi cikinsa. In akwai dogon falle kwance a tsakiya tsakanin tayoyi, tsarin Märklin ne, wanda ke ɗaukar wuta daga ƴan ƙusoshin tsakiyar layi. Tayoyinsa na dama da hagu a haɗe suke, don haka ana ɗora shi a kan dogo mai wuta biyu sai wuta ta haɗe. Akwai kuma tsarin DCC, wanda kamfanin Lenz na Jamus ya ƙirƙiro, ƙungiyar NMRA ta Amurka ta mayar da shi ma'aunin kowa a shekarun 1990. A nan wuta na kan dogo kullum, umarni na bi ta cikinta zuwa ƴar ƙwaƙwalwar da ke cikin kowane kai, yadda jirage da yawa za su yi tafiya dabam-dabam a layi ɗaya. Sai dai ya fi tsohon tsari ƙin datti: yankewar wuta ta ƙiftawar ido kan sa ƙwaƙwalwar ta faro daga farko.

Tasha, fitilu da rumbuna

A cikin kayan da ke kewaye da dogo, mararrabar da ke sauya wa jirgi layi ce ta fi yawan rigima. Harsunanta biyu dole su manne da dogo sarai, ƙwayar tsakuwa ɗaya ta hana su. Buroshin haƙori da busawa ne maganinta, ban da mai. Wadda ke aiki da lantarki tana da naɗin waya biyu da aka yi domin taɓi ɗaya na daƙiƙa. A danne maɓalli a riƙe, naɗin ya yi zafi ya narke. Ƙananan fitilun LED, irin na tsohuwar tocila, sun fi tsohon ƙwan fitila dacewa da gidajen wasa saboda ba sa zafi, amma kowace na bukatar rezista mai kimanin om 1,000 a kan bolt 12, kuma in ta ƙi kamawa a juya ƙafafunta kafin a ce ta lalace.

Wajen gini ne ɗan Dakoro ya fi kowa kayan aiki. A ma'aunin HO, mutum mai tsayin mita 1.74 santimita 2 ne. Rumbu mai mita 3 bai kai santimita 3.5 ba. Totuwar kara na ba da bango, ciyawa ta ba da jinka, laka ta ba da soro da ganuwar kasuwa, busassun rassan ƙaya su zama itatuwan kwarin Tarka. Ƙaro da aka jiƙa ya narke na manne yashi a gefen dogo, kuma yana da fa'idar cewa ruwa na sake kwance shi in za a sauya tsari. Sai dai yashin sai an tankaɗe shi da rariya, an kuma ja maganaɗisun tsohuwar lasifika a cikinsa. Baƙin garin ƙarfen da zai manne masa shi ne wanda da zai ƙare a cikin dinamo, domin dinamo ma maganaɗisu ne, kuma yana wucewa ƴan milimita kaɗan daga ƙasa.

Dogon da ke tafe

A ranar 9 ga Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya. Kamfanin Mota-Engil na Fotugal ne ke aikin, a kan kuɗi kusan dala biliyan 2 na Amurka. Faɗin dogon milimita 1,435 ne, wanda in an raba shi da 87 ake samun 16.5 na teburin wasa. Layin duka, in za a rage shi haka, zai ci fiye da kilomita 3.

Dogon zai ratsa ƙasar yashi da zafi da ambaliyar damina, kuma zai bukaci masu duba mararraba, masu auna tazara, masu bin wayar sigina har su gano inda ta yanke. A Najeriya akwai cibiyar koyar da fasahar sufuri ta NITT a Zariya da jami'ar sufuri a Daura. A Maraɗi akwai makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Yaron da zai cika waɗannan ajujuwa yana iya fara koyon bin sawun wuta tun yana firamare a Dakoro, Kornaka ko Birnin Lalle.

Abin da makaranta ke bukata bai da yawa: falanki mai mita 1.2 a faɗi da 2.4 a tsawo, wanda ya ishi zoben dogon HO da mararraba biyu da ƴar tasha. Kai ɗaya da taragu kaɗan. Batir da fis. Ƙwan gwaji, ƙyalle, alkol da zanen rufi. Sai littafi guda da ɗalibai za su riƙa rubuta kowace tsayawa da kowace gocewa: ranar da ta faru, wurin, da abin da aka tarar. Bayan shekara littafin zai nuna wa malami watannin da ƙura ta fi tsayar da jirgi da waɗanda dogo ya fi motsi, a kansu kuma za a tsara shara da duban shekara mai zuwa.